Linzamin Yamai

Na dawo gida Bukkuyum ina da shekara sittin da 'yan kai, bayan na yi fiye da rabin rayuwata a kan hanya ina fataucin fata da kiraga. Na zauna a Yamai, na zauna a Agadas, na daɗe a Abeshe ta ƙasar Chadi. Na dawo da gwiwar hagu mai ciwo, da Zabarmanci da Larabcin kasuwa da Fillancin da na tsinta a Garwa, da kuma son doki. A cikin akwatina akwai wani linzami da wani tsohon mai kula da dawaki ya ba ni a filin sukuwar Yamai. Kyauta ce, na jefa shi cikin kaya ba da wata niyya ba.

Duk inda na je mai doki ba ya hawan dokinsa a sukuwa, amma kowace ƙasa da yadda take ba da shi. A Yamai akwai takarda, akwai alƙalai a rumfa, mahayi ma'aikaci ne kamar direba. A Abeshe ba a ba bare doki, sai ɗa ko ɗan ɗan'uwa, don a ganinsu wanda ba jininka ba zai iya sayar da kai a tsakiyar fili. A nan wajenmu kuwa, daga Anka zuwa Gummi, sai ka nemi mutum marar nauyi mai hannu, ka miƙa masa ragama ka ce ga amana. Ba takarda, ba shaida. In an ci ka yi masa alheri, in ba a ci ba ka yi masa sannu. Da na dawo na ga abin ya yi mini sakaci da yawa, amma ban faɗa wa kowa ba.

Dokina na saye shi ne shekara guda bayan gubar dalma ta yi ɓarna a Dareta da Yargalma. Akawal ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi, bai cika shekara huɗu ba. Wani mutum ne daga wajen Dareta ya kawo shi kasuwa tare da tumakinsa, yana sayar da komai zai tashi. Na duba haƙora, na duba kofato, na sa aka zagaya da shi. Ban tambayi inda yake kiwo ba, ban tambayi inda yake shan ruwa ba.

Wanda ya samo mini mahayi abokina ne tun ƙuruciya, maƙeri, shi ke ƙera linzami da likkafa na rabin dawakin garin. Ya ce akwai wani Bafillace mai gona a bayan gari, mutum mai kimanin shekara arba'in, siriri, ya yi shekara ashirin yana hawan dawakin mutane, bai taɓa ɗaure nasa ba.

"Abu guda zan hwaɗa maka tun yanzu, kada ka ji a bakin wani," in ji maƙerin. "Matatai ɗiyar mai kilin Gummi ce."

Kilin Gummi kowa ya san shi. Farin doki ne na wani mai sayar da hatsi, shekara biyu ba a sha gabansa ba.

Na ce, "To mi ah hana surukin nashi ba shi kilin?"

"Kai dai ka daɗe cikin Larabawa. Mai doki da mahayi sai sun iya ɗaga wa juna murya. Wa kat taɓa ganin ya ɗaga wa surukinai murya? Ko ido ba su haɗawa."

Na karɓi wannan bayani. Amma na ajiye maganar a wani lungu na zuciyata, kamar yadda nake ajiye fatar da ban yarda da jimarta ba.

Mahayin ya fara zuwa kullum da la'asar yana fita da akawal kilisa. Ba shi da yawan magana. Zai gaishe ni, ya shafa wuyan dokin, ya duba harawa da dusar da aka zuba, wani lokaci ya ce a rage dawa a ƙara kanwa. Dokin ya san takunsa tun daga ƙofar gida. Ni da nake ciyar da shi ba ya yi mini wannan haniniyar.

Sukuwar farko da muka shiga a Anka ce, bayan an gama girbi. Muka ɗora dokin a mota tun kwana biyu kafin ranar. Da aka jera dawaki, ina tsaye kusa da wurin tashi, sai na ga mahayina ya sunkuya a kunnen akawal yana cewa, "Munyu, munyu." Da Fillanci ke nan, wato yi haƙuri. Bai san ina jin yaren ba, don ban taɓa yi da shi ba. Na yi mamaki. A Yamai na ji mahaya suna zuga dawakinsu da ihu, a Abeshe suna kiran sunan kakannin dokin. Ban taɓa jin wanda ke ba doki haƙuri a bakin tsere ba.

Kili ya zo na ɗaya, akawal na biyu, tsakaninsu bai fi tsawon wuya ba. Mutane suka yi ta taya ni murna, sabon doki ya kusa kunyata kilin Gummi. Ni kuwa na jira sai da muka koma masauki. Wani tsohon Balarabe a Abeshe ya taɓa koya mini cewa bayan sukuwa kada ka dubi fuskar mahayi, ka dubi bakin doki. Na cire linzamin, na buɗe bakin akawal. Akwai jini a gefen leɓe, akwai ƙujewa a ganɗa.

Wanda bai san linzaminmu ba sai a yi masa bayani. Ƙarfe ne mai harshe a tsakiya da zobe da ke zagaye haɓar doki. In mahayi ya ja, harshen ya tokari ganɗa, zoben ya matse haɓa, ko doki na tsakiyar gudu dole ya rage. Dokin da aka sake wa kai ya yi gudunsa ba ya dawowa da jini a baki. Wanda ya dawo da jini, an riƙe shi.

Na ce, "Sarkin hawa, bakin nan fa?"

Ya leƙa, ya ce, "Sabon doki ne, Alhaji. Shina da zafin kai. Sai an nuna mai hanya."

Amsa ce mai kyau. Ta yi mini kyau da yawa ma, kamar an tanade ta.

Daga nan idona ya buɗe, ko kuma in ce ya rufe, ban san wanne ba. Ranar kasuwar Gummi na hango shi a tukubar mai tsire tare da ƙanin mai kili, suna ci suna dariya, mutumin da ko murmushinsa ban cika gani ba. Bayan mako guda ya zo mini sanye da sabuwar hula. Na tambayi maƙeri ko Fulanin bayan gari sun sayar da shanu bana, ya ce in tambaye su mana, ai ba shi ke musu kiwo ba. A gida na yi ta juya maganar har uwar 'ya'yana ta gaji.

Ta ce, "Alhaji, halan dokin naka ne iyakar gudunai ke nan?"

Na ce ba ta san doki ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san ni.

Sukuwa ta biyu a Gummi aka yi, bayan mako uku. Filin Gummi dogo ne, ana zuwa can ƙarshe a kewayo. Da aka tashi, akawal ya wuce kowa kamar sauran a ɗaure suke.  Suka kai kewayen can nesa, inda ba a gane komai sai launin dawaki, sai na ga baƙin ya fara ja baya. Fari ya wuce shi, wani ja ya wuce shi. Ya shigo na uku, ba ya ko ƙoƙari.

Abin da ya biyo baya shi ne ban fahimta ba. Mahayina bai zo wurina a kan doki ba kamar yadda ake yi. Ya sauka tun a bakin fili, ya sassauta majayin sirdi, ya ja dokin a ƙasa, a gaban kowa, har masauki. Masu dawaki da na wuce suka riƙa ce mini, "Sannu Alhaji. Allah shi sawwaƙe." Mai kili da kansa ya taso daga tabarmarsa ya kama hannuna ya ce, "Allah shi ba da sauƙi, Alhaji."

A Abeshe, mahayin da ya ci amana aka gane shi, shi ne ake sa wa ya koma gida a ƙasa yana jan doki, don kowa ya gani. Ni abin da na sani ke nan. Sai na ɗauka kunya ce ta hana shi hawa, kuma gaisuwar mutane gaisuwar wanda aka cuta ce. Ta mai kili kuwa na ɗauke ta izgili tsagwaronsa.

A masauki ya miƙa mini ragama da hannu biyu.

"Alhaji, wanga doki shi huta bana."

"Mi as same shi?"

Ya dubi mutanen da ke tsaye a ƙofar barga, ya dubi ƙasa. "Hutu dai."

Na buɗe bakin dokin. Jinin ya fi na Anka.

Sauran sukuwa guda ta rage a shekarar, ta garinmu, kuma ita ce babba. In akawal ya huta, ba mai tare wa kili hanya. Lissafin ya fito mini sarai.

Ban yi gaggawa ba. Na bar dokin kwana biyar, sannan na sa aka zagaya da shi a gabana, tafiya da sassarfa da ɗan gudu. Ba ya ɗingishi. Ba zafi a ƙafa, ba kumburi a gwiwa, yana cin harawarsa tas. Na ɗauki linzamin na tafi maƙera.

Na tarar da abokina yana zuga wuta. Na jefa masa linzamin na ce ya duba ko akwai kaifi a harshen da zai yanki doki ba tare da an ja ba.

Ya shafa da babban yatsa. "Ni na ƙera shi. Ko jariri aka sa ma wa ba ya yanka shi, in ba a ja ba."

"To an ja."

"Awo, an ja." Ya ci gaba da zuga. Can ya ce, "An ce a ƙasa yaj jawo shi a Gummi."

"A ƙasa. Gaban kowa."

"To ka gani ke nan."

"Na gani sarai."

Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Kowannenmu ya tabbata ɗan'uwansa ya gane, alhali magana biyu muke yi daban. Da na ce masa akawal zai shiga sukuwar gida, sai ya ajiye guduma.

"Kai, Balaraben Abeshe, tsufa ne ko taurin kai?"

"Za ka gani."

"Dokinka ne," in ji shi, ya koma kan aikinsa. Daga baya ya gaya mini ya zaci irin masu dokin nan ne ni, da ke ɓoye aibin dabbarsu ko za ta mutu, kuma bai ga damar tona ni a gaban masu jiran lauje ba.

Na aika aka kira mahayin. Na ce masa akawal zai yi gudu. Ya ce yana roƙona in bari. Na ce in ba zai hau ba akwai wani, na ambaci wani mahayi daga Anka da kowa ya san shi da bulala da kaimi, wanda dawaki ke dawowa daga hannunsa da jini a ciki maimakon a baki. 

"Ni ka hawa, Alhaji," in ji mahayina.

Na ce a raina, dole ka hau, don in wani ya hau asiri ya tonu.

Ranar sukuwar, da gari ya waye, na buɗe akwati na ciro linzamin Yamai. Irin na Turawa ne, ƙarfe santsi mai gaɓa a tsakiya, ba harshe, ba zobe. Dokin da aka hora da shi yana jin sa. Amma dokin da ya saba da namu, in ya ɗauki gudu da wannan a bakinsa, ko mutum biyu ne a kansa ba za su riƙe shi ba. Abin da nake so ke nan. Ina so in ga gudun akawal wanda ba hannun kowa a ciki.

Ban ba shi a gida ba. Na jira sai da aka zo fili, dawaki sun fara jeruwa, masu dawaki suna tsaye, mai kili yana cikinsu. Sannan na zaro shi daga aljihun riga na ce, da murya yadda kowa zai ji, "Sarkin hawa, yau na Yamai za mu gwada. An ce ba shi cutar baki."

 Duk wanda ya san doki ya san abin da na faɗa. Mahayin ya karɓa ya juya shi a hannu. In ya ƙi, ya amsa laifi. In ya ce dokin ba shi da lafiya a gaban masu saye da sayarwa, ya karya abin da ya yi shekara ashirin yana tsarewa, don mahayi ba ya faɗin aibin dokin amana a fili. Wannan ban san shi ba a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne leɓensa ya bushe.

Ya cire tsohon linzamin da kansa, ya sa sabon, ya miƙo mini tsohon.

"Riƙe wanga, Alhaji. Naka ne."

Ban tsaya a rumfa ba. Na hau bayan babur aka kai ni can ƙarshen fili, inda dawaki ke kewayo, na tsaya a gindin wata tsamiya. A irin wurin nan ne ya riƙe shi a Gummi, a nan nake so in ga hannunsa da idona.

Na hango an tashi. Baƙin ya fito gaba tun daga farko, tazarar tana ƙaruwa. Ban taɓa ganin doki yana gudu haka ba, ko a Yamai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce ga shi nan, ga gaskiya ta fito.

Sai na ji ƙarar. Tun yana da nisa na fara jin ta a ƙarƙashin sautin kofato, na zaci wata mota ce a hanya. Da ya matso na gane daga maƙogwaronsa take fita. Kamar zugazugin maƙera da ya yage, ana zuga shi da ƙarfi iska tana shiga da kuka. Kowane numfashi sai ya ja shi kamar ana shaƙe shi da igiya. Hancinsa a buɗe, ja wur, idonsa ya fito. Mahayin ya kwanta baya yana ja da hannu biyu, ƙafafunsa a miƙe cikin likkafa, dokin bai ma san ana yi ba. Na ji muryarsa, ba ihu ba ce, roƙo ne: "Munyu, munyu, munyu."

Daga rumfa ba a jin wannan ƙara. A kilisa ba ta fita, a sassarfa ba ta fita. Sai a ƙarshen gudu, kuma sai wanda ke kan dokin ko wanda ya laɓe a gindin tsamiya.

Suna wuce ni kaɗan ya saki ɓangare guda na linzamin, ya kama ɗayan da hannu biyu ya finciko kan dokin gefe. Hanya ɗaya ke nan da ta rage masa. Akawal ya bar fili ya faɗa wata gonar dawa da aka girbe, ya yi ta zagaye cikin kunyoyin gonar yana tuntuɓe da kututturen kara, har ya durƙusa. Mahayin ya wuce ta kan wuyansa ya faɗi da kafaɗa. Kili ya wuce mu shi kaɗai.

Da gwiwata mai ciwo na isa wurin. Dokin yana durƙushe, yana jan iska da wannan kukan, jikinsa na rawa. Mahayin ya riga ya tashi, hannunsa na dama yana lilo, da na hagu yake kwance majayi. Bai dube ni ba. Muka tsaya a kansa har numfashin ya fara daidaita, ya miƙe da kyar.

Abin da mutanen rumfa suka gani daban ne. Sun ga doki yana gaba da tazara mai yawa, sun ga mahayi ya karkatar da shi cikin gona da hannunsa, sun ga dokin surukinsa ya ci. Kuma duk sun ji abin da na faɗa kafin a tashi. Waɗanda suka yi mini jaje a Gummi ma suka fara cewa ashe jan dokin a ƙasa wayo ne. Kafin magariba magana ta gama gari. Kafin mako ta kai Anka. Wani mai doki da ya yi shekara shida yana ba shi dokinsa ya aika a gaya masa ya huta.

Likitan dabbobi ya zo ya saurari maƙogwaron akawal. Ya ce wani sashe na ciki ya mutu, ba ya buɗewa in numfashi ya yi ƙarfi. Ya tambaye ni inda aka haife shi. Da na faɗa, sai ya gyaɗa kai ya ce yana yiwuwa ya sha ruwan kududdufin da ake wanke dutsen zinariya tun yana ƙarami, yana yiwuwa kuma haka Allah ya yi shi, ba zai rantse ba. Ya ce zai rayu in ba a sake sa shi gudu ba. Na tuna mutumin da ya sayar mini, da yadda bai yi jayayya a ciniki ba. Shi ma har yau ban san abin da ya sani ba.

Maƙeri ne ya warware mini maganar Gummi, kuma bai tausaya mini ba.

"Mahayi ya sassauta majayi ya jawo doki a ƙasa, mi ka nan? Cewa ya yi dokinka ba lahiya, kada a hau. Tun kakanninmu haka a ka yi, don kada a hwaɗi da baki. Matan da ka saida fura a bakin fili sun gane. Kai kaɗai, mai yare huɗu."

Na ce na bar gida ina saurayi, gidanmu ba a taɓa ɗaure doki ba.

"To ka tambaya mana. Bakinka ciwo shi kai?"

Ranar Juma'a bayan an sauko, masu dawaki sukan zauna a ƙofar maƙera. Na je na tsaya, ban zauna ba. Na ce dokina yana da ciwon maƙogwaro, ba zai sake gudu ba, duk mai shakka ya zo ya hau ya ji. Na ce mahayina ya gaya mini ta hanyar da ake gaya wa mutane, ni ne ban ji ba. Na ce linzamin da na ba shi tarko ne, kuma da bai karkatar da dokin ba da gawarsa za a ɗauko. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wani ya ce daga baya, yadda zan ji, "Alhaji dai mutumin kirki ne, shina rufa mai asiri." Na gane cewa zargin da na saka ya fi ƙarfin in janye shi ni kaɗai. Sai da na sa aka hau akawal a gaban mutum uku daga cikinsu, ɗan gudu kaɗan, don bayan sukuwar nan ciwon ya ƙaru har ba ya ɓoyuwa, suka ji farkon ƙarar da kunnensu, sannan maganar ta fara lafawa. Ba ta mutu duka ba. Shekarar da ta biyo ya sami doki guda, a da kuwa zaɓa yake yi.

Na je gidansa a bayan gari bayan an ɗaure masa kafaɗa. Innarsa, tsohuwa ƙwarai, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo nono, ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma biyu ba. Ya fito ya zauna nesa kaɗan. Na ba shi haƙuri, da Fillanci na ba shi. Ya ɗago da sauri.

"Ashe kana ji."

"Ina ji."

"Tun Anka?"

"Tun Anka."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Muka yi maganar dokin, ya ce a riƙa jiƙa masa harawa, busasshiya tana sa shi tari. Na ce ko zai ci gaba da zuwa yana fita da shi tafiya kawai. Ya ce gona ta yi masa yawa bana.

Da na tashi tafiya sai na tambaye shi, don in san tun yaushe dabbar take wahala, "Yaushe ka fara jin ƙarar?"

"A Gummi nij ji ta. Wajen kewayen."

Na sa takalmi ɗaya. Sai na tsaya da ɗayan a hannu. A Gummi. Amma jinin farko a Anka na gan shi, mako uku kafin nan, ranar da tsawon wuya kawai ya raba akawal da kili.

Ban yi niyyar faɗa ba, bakina ne ya riga ni. "A Anka fa?"

Ya dube ni sosai, karo na farko tun da na san shi. Ban ga fushi a fuskarsa ba, ban kuma ga tsoro ba. Na yi fiye da shekara talatin ina karanta fuskokin masu sayar da fata a kasuwanni huɗu, wannan ban iya karanta ta ba.

"Alhaji," ya ce, "har yanzu?"

Na sa ɗaya takalmin na fito.

Akawal ya yi shekara tara a turkena bayan nan, yana cin harawa jiƙaƙƙiya, jikokina suna hawansa zuwa bakin gulbi a dawo. Sukuwar ma ta ja baya da hanyoyi suka lalace, ba mai ɗora doki a mota zuwa Anka yanzu. Mahayin yana nan, mukan haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa. Sabon doki ne mai zafin kai, sai an nuna masa hanya, haka ya ce mini a Anka, kuma duk wanda na tambaya cikin masana doki ya ce hakan na faruwa. Linzamin Yamai na kai wa maƙeri na ce ya narkar. Ya ce ƙarfen ba shi da kyau, ko lauje ba zai yi ba, ya rataye shi a ƙusa a bangon maƙera. In na je zama, kujerata tana fuskantarsa.